Da Hannun Ɗana Na Rama

A lokacin da wannan abu ya fara, ni yarinya ce 'yar Birnin Kudu da ba ta daɗe da aure ba, mai saurin dariya, wadda ba ta iya kwana da mutum a zuciya. Mahaifina malamin Islamiyya ne, kuma a gidanmu in an saɓa sai a zauna a faɗa, kafin magariba an wuce wurin. Aure ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Gwaram, ta wajen Farin Dutse, babban gida na manoma masu gero da dawa da gyaɗa. Mijina mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya ko kaɗan. Mahaifiyarsu ta rasu tun kafin in zo, saboda haka cikin gida yana hannun yayarsa, wadda mijinta ya mutu ta dawo gida da 'yarta guda ɗaya. Kowa Gwaggo yake ce mata, ni ma sai na bi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma ina roƙon ku sakaya nawa.

Naƙudar fari ta zo mini maigidan ba ya nan, ya bi motar hatsi zuwa kudu. Tun a wurin awo an gargaɗe ni cewa haihuwar fari ce kuma jikina ƙarami ne, da na ji ciwo in taho asibiti. Na faɗa wa Gwaggo haka tun ciwon yana ɗan tsungulina. Ta ce matan gidan nan a ɗaki suke durƙusawa, ita ma a ɗaki ta haihu, uwarta ma haka, ba za a fara tallan tsiraici a kaina ba. Ta karɓe wayata wai kada in tayar wa ƙaninta da hankali yana kan hanya. Aka yi ta ɗura mini jiƙo, na wuni, na kwana, na sake shiga wani wunin, har muryata ta daina fita. Wata maƙwabciya ce ta kasa jurewa ta aika aka kira ƙanin mijina daga gona, shi ya samo mota aka kwashe ni zuwa Birnin Kudu. Da aka ciro yaron bai yi kuka ba. Na ga an ruga da shi wani ɗaki, sai daga baya aka ce mini an sa masa iska ya farfaɗo. Na yi hamdala, ina zaton an gama.

Wata shida ko bakwai da haihuwa na fara lura komai da hagu yake miƙawa. Mata suna dariya suna cewa an samu bahago. Amma ni da nake masa wanka na san ba haka ba ne. Hannunsa na dama kullum a dunƙule yake, babban yatsan a kwance cikin tafin, sai na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin in wanke dattin da ya taru a ciki. Bai yi rarrafe irin na yara ba, da gindi yake ja, hannun a maƙale a ƙirji. Da ya fara tafiya, can a makare, ƙafar dama da kan yatsu take taka ƙasa. Mahaifina ne ya matsa muka koma asibiti. Likita ya duba shi, ya tambaye ni yadda haihuwar ta kasance, sannan ya yi mini bayani a hankali. Ya ce wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ya samu rauni, shi ya sa ɓarin jikinsa ɗaya ya ƙage, kuma bisa abin da na faɗa masa da abin da aka rubuta ranar haihuwa, doguwar naƙudar nan ce ta fi kama da sanadi. Ya ce ba ciwo ba ne mai yaɗuwa, ba ya ƙaruwa, kuma ba gadonsa ya yi daga kowa ba. Ba zai warke kamar ba a yi ba, amma in aka dage da horo hannun zai iya koyon aiki mai yawa.

Na dawo gida na faɗa wa mijina, ya sunkuyar da kai ya ce Gwaggo matsayin uwa take gare shi, in yi haƙuri. Na tari Gwaggo da kaina, ta ce ƙaddara ce, ko ina musu da Allah ne? Da a nan ta tsaya, wataƙila da na haɗiye. Amma sai ga shi a wani gidan suna, ina bayan ɗaki ina gyara goyo, na ji muryarta tana ba mata labari. Wai su a zuri'arsu ba su san wannan abu ba, daga dangin uwa aka kwaso musu mugun iri, wa ya san abin da ake ɓoyewa a gidajen malaman nan. Matar da ta riƙe ni a ɗaki ina kiran sunan Allah har muryata ta mutu, ita ce take ɗora wa mahaifina laifin. Ba ta tsaya nan ba. Yaron yana fara cin abinci da kansa, duk sa'adda ya sa hagu a kwano sai ta buge hannun, ta ce ba a cin abinci da hannun shaiɗan a gidanta. Yaron ya kalli hannun daman da ba ya buɗuwa, ya kalle ta, ya fashe da kuka. Sai da mahaifina ya zo takanas ya yi wa mazan gidan bayani cewa addini ya yi wa mai larura uzuri, sannan ta daina dukan, amma ba ta daina tsaki ba.

Daga wannan lokaci na canza. Ban ƙara yi mata musu ba. Ina gaishe ta da safe har ƙasa, ina kai mata ruwan wanka, in ta yi zazzaɓi ni nake dama mata kunu. Mutane suna yabon haƙurina, ba su san jira nake yi ba. Duk tsakin da ta yi ina ajiye shi. In na buɗe tafin yarona ina shafa masa mai, a raina ina cewa wallahi sai ta ɗanɗana, sai ta san yadda ake ji in an nuna abin da ka haifa da baki.

A gefe guda kuma na ba da rayuwata ga hannun nan. Muna zuwa sashen gashi na asibitin Birnin Kudu, inda ake motsa gaɓoɓi, mu sauka gidanmu mu kwana biyu mu koma. Akwai wata ma'aikaciya a can, mace mai fara'a, ita ta koya mini komai. Ta ce kada in ɗauka sai hannun dama ya zama kamar na hagu, abin da ake nema shi ne su koyi aiki tare, ɗaya ya riƙe ɗaya ya yi. Ta ce yaro irinsa mantawa yake yi yana da hannu na biyu, aikina shi ne in riƙa tuna masa cikin wasa, ba da faɗa ba. Wani lokaci mukan zura masa safa a hannun hagu na ɗan lokaci kaɗan, mu ba shi abin wasa, don dole daman ya motsa. Sauran lokaci kuma aikin hannu biyu ne. Ya danne kwano da dama ya ci da hagu. Ya riƙe gora a ƙirji ya murɗe murfi. Ya cuɗa yumɓu, ya tsince wake a faifai, ya ɓare gyaɗa. Ranar da ya fara ɓare gyaɗa guda da kansa, ya daɗe yana fama, harshe a waje, gumi a goshi, da ƙwayar ta faɗo sai ya ɗaga ta sama yana ihu kamar ya tsinci zinariya. Ma'aikaciyar ta kuma ja mini kunne a kan abu uku: kada a cika masa kwano, kada a gaggauta shi, kada a daka masa tsawa yana riƙe da abu. Ta ce tsoro da kunya da hanzari su suke sa jijiyoyin su ɗaure, hannun ya tashi ya koma ƙirji ba da son ransa ba.

Dole in faɗi gaskiya a kan 'yar Gwaggo. Yarinyar nan ba ta ɗauko halin uwarta ba. Ita ce abokiyar wasansa tun tana 'yar makaranta. Ita ta ƙirƙiro masa wasan tafa-tafa a hankali don ya buɗe tafin, ita ta ɗinka masa manyan maɓallai a wata tsohuwar riga ya yi ta koyon sakawa. In ina girki ita take zama da shi. Har ya kai shekara tara, yana riƙe littafi da dama ya yi rubutu da hagu, yana ɗaure wandonsa, yana alwala ba mai taya shi, yana ɗauko kwanon ruwa da hannu biyu daga randa zuwa zaure ya kai wa babansa. Ya fi alfahari da wannan na ƙarshen, domin shi ne aikin da ake aiken sauran yara. Rabin wannan nasara tata ce, na sani, kuma na san da haka a ranar da na yi abin da na yi.

Ta zama budurwa, wani saurayi daga wajen Fagam ya fito, ɗan gidan mutunci, suna son juna ƙwarai. Gwaggo ta rasa inda za ta sa kanta don murna. 'Ya ɗaya gare ta a duniya, duk burinta a kanta yake. Ina kallonta tana shiga tana fita tana lissafin gara, sai na ji wani abu ya kwanta mini a rai, na ce lokaci ya yi. Da aka sa ranar da matan gidan saurayin za su kawo kayan sa rana, ni na karɓi girkin da kaina.

Suka zo da hantsi, aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida. A cikinsu akwai wata dattijuwa, yayar mahaifin saurayin, wadda kowa ya san maganarta ce take yanke hukunci a gidansu. Na kira yarona ɗaki, na cire masa riga mai dogon hannu da ya saka, na sa masa mai gajere. Na ɗauko babban kwanon sha, na cika shi da fura har baki, na ɗora masa a hannu na ce ya kai wa Hajiyar da ke tsakiya. Ya kalli kwanon ya kalle ni, amma ya riƙe, don murna yake an aike shi gaban baƙi. Ya fita yana takawa a hankali, idonsa a kan furar, yana yi daidai kamar yadda aka koya masa. Har ya ci rabin tsakar gidan bai zubar da ko ɗigo ba, matan suna kallonsa. Na ga in na ƙyale shi zai kai. Sai na leƙo daga ƙofa na daka masa tsawa da sunansa, na ce ya yi sauri mana, baƙi suna jira.

Hannun ya zabura ya koma ƙirji. Kwanon ya kife, fura ta wanke tabarma da zanen dattijuwar. Ya tsaya a tsakiyarsu, hannun a naɗe kowa yana gani, yana ƙoƙarin janyo shi ƙasa da ɗayan ya ƙi sauka. Na fito da tsumma ina ba da haƙuri, na durƙusa kusa da dattijuwar ina goge mata zane, na rage murya yadda ita da na kusa da ita za su ji.

Na ce, "Ku gafarce shi, Hajiya, larura ce. Abin a jinin gidan yake, an ce a kakanninsu ma an yi mai irinsa. Mu dai addu'a muke Allah Ya tsayar a kansa."

Ba a taɓa yin mai irinsa a gidan ba, ƙarya na shirya. Dattijuwar ta ƙara duban yaron, sannan ta dubi ɗakin da amaryar take. Suka ci abinci sama-sama suka tafi. Ba a yi sati biyu ba aka aiko cewa a ɗan dakata, akwai abin da ya taso musu. Daga dakatawa sai aiken a mayar da kaya. Saurayin ya yi ta zarya yana roƙon iyayensa, suka ce ba za su ɗebo wa zuri'arsu abin da ba su da shi ba.

Zan yi muku ƙarya in na ce ban ji daɗi ba. Ranar da aka fitar da akwatunan, Gwaggo ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ɗora hannu a ka, ni kuwa ina daka a gindin turmi ina jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Da maganar ta zagayo ta gane daga bakina ta fito, ta shigo ɗakina ba sallama, tana tambayata me 'yarta ta yi mini. Na ajiye abin da ke hannuna na dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba. Na ce mata ƙaddara ce, Gwaggo, ko kina musu da Allah ne? Ta juya ta fita. Shekara da shekaru ina tanadin wannan kalma, kuma ta yi mini daɗi a baki yadda na zata.

Mijina bai dake ni ba, bai zage ni ba. Ya ce in tafi gida in huta tukuna. Na yi wata biyu a Birnin Kudu, mahaifina ya ƙi yi mini magana in ban da amsa gaisuwa, sai ranar da zan koma ya ce mini an zalunce ni da gaske, amma wadda na yanka ba ita ta zalunce ni ba. Ko a lokacin zuciyata ba ta karaya ba, ina ganin kowa ya manta abin da aka yi mini ne.

Da na koma ne na ga abin da na yi. Yarona ya daina amfani da hannun gaba ɗaya. Ya koma sa riga mai dogon hannu ko ana zafi, hannun kullum a aljihu ko a ɓoye a bayansa. Murfin gora da haƙori yake buɗewa. In an aike shi ɗebo ruwa sai ya ce ƙafarsa tana ciwo. A makaranta yara sun samu sabon suna suna kiransa da shi, domin maganar da na yi ta fita gari, kuma ba gidan Gwaggo kaɗai ta shafa ba, gidanmu ne duka, har da ƙannensa mata biyu da na haifa bayansa. Na kai shi sashen gashi, ma'aikaciyar ta kama hannun ta ce ya ƙage fiye da yadda ta san shi, me ya faru aka daina horo? Na ce rashin lokaci ne. Shi kuwa yana zaune yana kallon ƙasa.

A hanyar dawowa, muna zaune a tasha muna jiran mota ta cika, na sayo masa gyaɗa mai ɓawo na zuba masa a cinya, wai ko zai ɓare. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

Ya ce, "Umma, ke kika ce kada a riƙa cika mini kwano. Kin san zai zube, ko?"

Na fara cewa mantawa na yi, sai ya ce ai ya ji abin da na faɗa wa Hajiyar, yana tsaye a wurin. Ya tambaye ni ko da gaske ne a jini yake. Na ce a'a, ƙarya na yi. Ya gyaɗa kai, ya tattara gyaɗar da hannun hagu ya zuba mini a jaka.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. 'Yar Gwaggo ta daɗe a gida kafin ta samu miji, wani mai mata da 'ya'ya a can nesa, ba wanda take so ba. Na je na durƙusa na nemi gafararta kafin a kai ta, ta ce ta yafe don Allah, amma ta roƙe ni kada in zo rakiya. Ita ce kuma, kafin ta tafi, ta lallashi yaron ya koma horo, ba ni ba. Gwaggo tana nan, ta tsufa, muna gida ɗaya muna gaisawa. Har yau ba ta taɓa cewa ta yi kuskure a ranar naƙudata ba, ni ma ban ce na yafe mata ba, domin ban yafe ba. In na ga ɗana yana fama da abin da sa'anninsa suke yi ba tunani, wutar nan takan taso mini sabuwa. Na bar ni da ita ga Allah, Shi zai yi mana hisabi, kuma na san ni ma akwai abin da za a tambaye ni.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in ja kunnen mutum biyu. Ke da aka bar wa amanar mai ciki, in naƙuda ta yi tsawo ki kai ta asibiti, kada ki sa al'ada ko girman kai a gaba, domin wanda zai biya yana cikin cikin bai san komai ba. In kuma kin ga jariri yana aiki da hannu ɗaya, ɗayan a dunƙule, kada ki tsaya ana ce miki bahago ne, ki kai shi a duba da wuri, horo yana taimako sosai. Ke kuma uwa irina da aka ƙona wa zuciya, ba zan ce miki ki yafe ba tunda ni ma na kasa. Amma duk abin da za ki yi, kada ki sa ɗanki a ciki. Yaro mai larura yana iya jure dariyar gari muddin ya san akwai mutum ɗaya da ba zai taɓa kunyata shi ba.

Ɗana ya zama saurayi yanzu, hannun ya dawo da mafi yawan abin da ya iya. Ƙannensa suna ba ni labarin yana gyara keke, yana riƙe da dama yana ɗaurewa da hagu, babansa ma ya ce yana taya shi ɗaurin dami a gona. Ni dai labari nake ji. Yana gaishe ni, yana yi mini biyayya, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma da ya ji takuna na shigo, sai ya ajiye abin da yake yi ya mayar da hannun aljihu.